Ɗan abokin cinikina na Yiwu yana son gyara Turancinsa: hadda ko nahawu?

Alhajin Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga malamanmu da kuma waɗanda suka daɗe suna zirga-zirgar Caina. Shekara tara ke nan ina sayen zif da maɓalli da zare a hannun wani dattijo a kasuwar Futian ta Yiwu. Shi ba ya jin Turanci ko kaɗan, ni kuma Sinancina bai wuce gaisuwa da ƙirge ba, amma da kalkuleta da nuni muka ci duk shekarun nan lafiya. To yanzu girma ya kama shi, yana so ya miƙa wa ɗansa ɓangaren baƙi. Yaron ya gama jami'a, ya ci jarrabawar Turancin da suke kira CET-4, amma in ya turo saƙo a WeChat, manhajar hirarsu ta waya, sai na karanta sau uku kafin in gane inda ya dosa. Jiya ya tambaye ni shawara. Yana da littafin kalmomin kasuwanci, kullum yana haddace guda hamsin. Wai ya ci gaba da haka ne, ko ya koma ya gyara nahawu? Mahaifinsa ya taɓa ba ni kaya bashi babu ko takarda, lokacin da canji ya tashi na rasa ciko. Ina so in ba yaron amsar da za ta amfane shi.

Mai Fiton Apapa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kalmomi. Babu wata doguwar magana. Amma ba hamsin ɗin da yake sha kullum ba. Ya zauna ya san FOB da CIF da EXW da DDP kamar yadda ya san sunansa. Waɗannan ƙa'idoji ne da Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris take fitarwa tun 1936, ana ce musu Incoterms, na baya-bayan nan na 2020 ne, guda 11 ne duka. Su ne ke faɗar wa zai biya kuɗin jirgi, wa zai biya inshora, a ina alhakin kaya ke barin wuyan mai sayarwa. Ya ƙara da "bill of lading" (takardar shaidar an loda kaya a jirgi) da "proforma invoice" (takardar farashi kafin a biya) da "packing list" (jerin abin da ke cikin katan-katan) da CBM (ma'aunin girman kaya) da MOQ (mafi ƙarancin abin da za a iya oda). Wanda ya san waɗannan, ko nahawunsa a karye yake, zai yi ciniki da kowa a duniya.

Hajiya Mai Leshi:
Mai Fito, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ni nahawu ne ya cinye min kasuwar sallah guda sukutum. Na yi odar leshi a Guangzhou, na biya kafin alƙalami kashi 30, na dawo gida. Bayan sati uku yarinyar kamfanin ta rubuto: "Goods finish, we send to warehouse Monday." Ranar Laraba na ga saƙon. Na ɗauka Litinin da ta wuce suka kai kayan sito. Na biya ciko, na kama gurbi a kwantenar haɗaka da ake rufewa ranar Asabar. Ashe Litinin mai zuwa take nufi. Aka rufe kwantena babu kayana, na bi ta gaba, kaya suka iso Kano bayan an sauko daga idi. Duk kalmomin da ke cikin saƙon nan na sani, ita ma ta sani. Da ta sa "will" kawai, ko ta ce "sent", da ban yi wannan asara ba. Kuma ban ga laifinta sosai ba, yarinya ce mai ƙoƙari, har kuka ta yi a waya.

Tafintan Xiaobei:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da ya same ki shi ne matsala ta ɗaya da nake gani kullum a nan unguwar Xiaobei ta Guangzhou, shekarata bakwai ina tafinta. Bari in ɗan yi bayani, don ba sakaci ba ne daga wajensu.

A Sinanci aikatau ba ya canza kama ko kaɗan. Kalmar tafiya, "qu", haka take ko jiya ne, ko yau, ko gobe. In mutum yana so ya nuna lokaci sai ya sa kalma kamar "zuotian", wato jiya, ko "mingtian", gobe, ko ya ƙara ɗan ƙaramin "le" da ke nuna abu ya auku. In kuma yana ganin zancen a bayyane yake, sai ya bar shi haka. Mu a Hausa ba mu da wannan damar. Dole ka zaɓa: ya aika, zai aika, yana aikawa. Ba za ka iya buɗe baki ba sai ka nuna lokaci. Shi ya sa in Bahaushe ya ga "we send", ƙwaƙwalwarsa da kanta take cike gurbin, kuma galibi abin da yake fata take cikewa da shi.

Haka jam'i. Katan ɗaya da katan ɗari, kalmar ba ta canzawa a wajensu, shi ya sa "s" ɗin ƙarshe ke yawan faɗuwa. Haka "he" da "she": a baki duk "ta" suke cewa, namiji ko mace, sai a rubutu ake bambanta su. Za ka ji yana ba ka labarin maigidansa yana cewa "she", ka ɗauka mace ce.

Ƙaramin Ɗalibi:
Manya ku yi min afuwa, amma duk wannan wahalar ta mece ce a zamanin nan? WeChat ɗin ma da kansa yana fassara saƙo in ka danne shi. Yaron ya rubuta da Sinanci, Baba Alhaji ya danna ya karanta da Turanci. An gama.

Tafintan Xiaobei:
Ƙanena, ina amfani da shi kullum, yana taimako. Amma in jimlar Sinancin ba ta nuna lokaci ba, na'urar ma zato take yi, kuma ba za ta gaya maka zato ta yi ba. Za ta ba ka Turanci mai kyau, tsaf, wanda zai sa hankalinka ya kwanta. Gara ma karyayyen, aƙalla yana sa ka sake tambaya. Sannan a bikin baje kolin Canton da ake yi a Pazhou cikin Guangzhou duk Afrilu da Oktoba, baƙo yana tsaye gabanka, wasu biyar suna jira, wa zai tsaya kana latsa waya?

Malama Mai Alli:
Sallama gare ku duka. Alhaji, shekarata 18 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ina ganin tambayar yaron ita kanta ke buƙatar gyara. Yaran Sin suna fara Turanci tun aji uku na firamare a mafi yawan wurare, tsarin da aka shimfiɗa tun 2001, shekarar da ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Yana cikin jarrabawarsu ta shiga jami'a, gaokao. Wanda ya ci CET-4 ya riga ya haddace kalmomi dubu huɗu da wani abu. Don haka yaron nan ba ƙarancin kalmomi ke damunsa ba, kuma na tabbata in ka ba shi takardar cike gurbi ta nahawu zai cinye. Ya san ƙa'ida a takarda, ba ta sauko hannunsa da bakinsa ba. Su da kansu suna da sunan wannan cuta, suna ce mata Turancin bebe.

In ni ce, zan ce ya ajiye littafin haddar nan. Ya ɗauko saƙonni 50 na ƙarshe da ya tura wa baƙi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa abu uku: na nuna ko an yi ko za a yi? Lambar da na sa daidai take, da ma'auninta? Na faɗi wa zai yi, wa zai biya? Duk nahawun da ya taɓa kuɗi a nan yake. Maganar "a" da "the" da ke hana su barci, don babu su a Sinanci, ya bar ta sai daga baya. Ban taɓa jin wanda ya yi asarar kwantena don an manta "the" ba.

Mai Fiton Apapa:
Malama, ai "wa zai biya" ɗin nan shi ne maganata. Kin dawo layina.

Malama Mai Alli:
Rabi dai, Malam. Sanin CIF daban, iya rubuta jimlar da CIF zai zauna a ciki daban. "We pay freight" da "we paid freight" da "freight to be paid", duk kalmar ɗaya ce a tsakiya.

Mai Fiton Apapa:
Na karɓa. Amma bari in ƙara abu ɗaya da har manyan 'yan kasuwarmu ba su sani ba, kuma yaran Caina da yawa su ma haddar fassarar kawai suka yi. A CIF mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora har Apapa ko Onne, gaskiya ne. Amma alhakin kaya yana komawa wuyan mai saye tun lokacin da aka ɗora su a jirgi a tashar Ningbo ko Nansha ta Caina, daidai da FOB, inda mai saye ne ke biyan kuɗin jirgi. In kaya suka jiƙe a teku, da kamfanin inshora za ka yi, ba da mai kaya ba. Na sha ganin mutum yana rantsuwa an cuce shi alhali abin da ya sa hannu a kai ke nan. Kuma ko FOB za a rubuta, a sa sunan tashar. "FOB China" ba magana ba ce.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Mu nan Faransanci muka yi a lakwal, Turancin a hanya muka tsince shi, don haka ni da su duk baƙi ne a cikinsa. Abin da na fi tsoro shi ne lamba. Su ba sa ƙirga da dubu kamar Bature, da dubu goma suke ƙirgawa, suna ce mata "wan". Dubu ɗari a wajensu wan goma ne. Miliyan ɗaya wan ɗari. To in yana sauri ya juya zuwa Turanci, sai wan goma ta fito a matsayin "ten thousand". Sifiri guda ya ɓata. Na gane abin da sauri domin mu ma haka muke: a kasuwa dala muke ƙirgawa, dala ɗaya sefa biyar, in na ce dala ashirin sefa 100 nake nufi, jika kuma sefa 1,000. Duk wanda ya zo daga Kano karo na farko sai ya rikice. Kai yana lissafi da ma'auni ɗaya, baki yana magana da wani. Alhaji, ka ce wa yaron duk kuɗin da ya wuce dubu goma ya rubuta shi da lamba, ya sa waƙafi bayan kowane sifiri uku, ya sa ko dalar Amurka ce ko yuan.

Tafintan Xiaobei:
Allah ya saka, Ɗan Maraɗi. Ga ɗan uwan wannan: ragi. In Basine ya ce "ba zhe", a zahiri lamba takwas ya ambata, amma ma'anarsa za ka biya kashi 80 na farashi, ragin kashi 20 ke nan. "Jiu zhe" ragin kashi 10. Su abin da za ka biya suke faɗa, Bature abin da aka cire yake faɗa. Na taɓa shiga tsakanin wani bawan Allah da mai shagon takalma, yaron shago ya rubuta masa "80% discount", mutumin ya riga ya kira gida yana murna. Da ƙyar aka rabu lafiya.

Sai kwanan wata. Su shekara suke fara rubutawa, sai wata, sai rana. Mu rana, wata, shekara. Amurka wata, rana. In ya cire shekarar ya rubuta 3/4, shi 4 ga Maris yake nufi, kai ka karanta 3 ga Afrilu. Ya riƙa rubuta sunan watan da haruffa.

Hajiya Mai Leshi:
Da "fifteen" da "fifty" a waya. Wannan kam ba su kaɗai ba, mu ma bakinmu yana haɗa su. Ni yanzu ko an faɗa min sai na ce a turo a rubuce.

Sarkin Dilar Sabon Gari:
Ni fa ina karanta ku ina mamaki. Mutanen nan sun bar masana'antarsu sun zo har Kwari sun kama shaguna da sito, suna sayar wa 'yan kiri a farashin da mu ba za mu iya ba. Da can harshe ne ɗan katangar da ta rage tsakaninsu da masu sayen kayanmu. Yanzu kuma mu ne za mu zauna muna gyara musu Turanci? Gobe yaron nan zai tsallake ka, Alhaji, ya yi magana da yaranka kai tsaye. Ku koya wa 'ya'yanmu Sinanci, wannan shi ne abin yi.

Alhajin Kwari:
Sarki, maganarka tana da nauyi, kuma abin da ka faɗa a kan Kwari ni ma ya taɓa ni, na rasa masu saye da dama ta wannan hanya. Amma wannan magana ce ta hukuma da shugabannin kasuwa, su tsara wa zai yi sari wa zai yi kiri. Ko na ba yaron shawara ko ban ba shi ba, zai koya. Ƙasarsu cike take da makarantun Turanci. Abin da ke gabana shi ne duk kuskuren da ya yi a saƙo, aljihuna yake taɓawa. Sannan akwai alherin mahaifinsa da ban manta ba. Batun koyon Sinanci kuma ina bayanka ɗari bisa ɗari, ɗana na biyu ma can nake son tura shi.

Tafintan Xiaobei:
Sarki, ranka ya daɗe, ai katangar ta daɗe da tsagewa. Gidan rediyon Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, kuma akwai jami'a a Beijing da ake koyar da Hausa. Mu ne muka makara. A Najeriya cibiyoyin Confucius, inda ake koyar da Sinanci, da aka sani suna Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, duk a kudu.

Sarkin Dilar Sabon Gari:
To ka ji. Shi ya sa nake cewa mu fara da gida. Amma na ji uzurin Alhaji, alheri ba a mantawa da shi.

Malama Mai Alli:
Bari in dawo da mu kan yaron, akwai wani wuri da ban ji an taɓa ba, kuma yana ba ni sha'awa domin a nan mu da su ne a gefe guda, Bature a ɗaya gefen. Tambaya mai korewa. In na ce maka "Ba ka loda shuɗin ba?" ka ce "Eh", kowane Bahaushe ya san ba ka loda ba. Eh ɗin tana gaskata maganata ne. Basine ma haka yake amsawa. A Turanci kuwa amsar tana bin aikin: in ba ka loda ba "no" za ka ce, in ka loda "yes". To matsalar tana tasowa ne in ɗaya yana bin ƙa'idar makaranta, ɗaya yana bin ta gida, kuma babu wanda ya san wacce ɗan uwansa ya ɗauka. Maganin mai sauƙi ne: kada ya taɓa amsawa da kalma ɗaya. Ya ce "No, we did not load the blue ones." Kai ma Alhaji ka daina yi masa tambaya da korewa. Ka ce "Did you load?" kawai.

Ɗan Maraɗi:
Faransanci har kalma ta musamman yake da ita don wannan wuri, "si", wato a'a, na yi. Amma a Guangzhou ba ta da amfani.

Hajiya Mai Leshi:
Malama, ni kuma abin da ke ɓata min rai shi ne salon maganar. "You must pay today." "Give me your address." Kamar ana ba yaro umarni. Da farko na ɗauka raini ne.

Tafintan Xiaobei:
Ba raini ba ne, Hajiya. Ladabinsu yana cikin wasu abubuwa da ba sa tsallakowa cikin Turanci: "nin" maimakon "ni" (wato "kai" a Sinanci) ga babba, kiran mutum da muƙaminsa, miƙa kati da hannu biyu, zuba maka shayi. In ya juya zuwa Turanci duk wannan ya zube, sai ƙashin maganar ya rage. "Could you" da "would you mind" suna cikin littafinsa, bai saba da su ba ne. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne akasinsa. Ba sa son cewa a'a ƙiri-ƙiri, don kada a kunyata juna. "Maybe a little difficult" sau da yawa ba zai yiwu ba ke nan. "I will try my best" ma haka. Mu mun san wannan, kamar ka je neman bashi a ce maka "bari in duba". Bahaushe zai iya ganewa in ya natsu, amma Bajamushe zai rubuta a littafinsa cewa an yi masa alkawari. Tunda yaron da duniya duka zai yi hulɗa, ya koyi rubuta "We cannot finish by 10 March, we can finish by 25 March." Musamman gab da sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu.

Ƙaramin Ɗalibi:
Yaya Tafinta na gamsu. Amma a ina zai samu wanda zai riƙa yi da shi? Hadda shi kaɗai yake yi, magana kuwa sai da mutum.

Tafintan Xiaobei:
A Yiwu yake fa. Shaguna sun haura dubu 70 a kasuwar nan, Larabawa, 'yan Indiya, 'yan Pakistan, mutanen Afirka, 'yan Kudancin Amurka, kullum suna wucewa ta ƙofarsa. Kusan duk baƙinsa ba Turawan Ingila ba ne. Kunnensa ya fi buƙatar sabawa da bakin Alhaji da na mutumin Alƙahira fiye da na mai karanta labarai a London. Ya daina ɓuya bayan kalkuleta, shi ke nan. In yana son takardar shaida daga baya don manyan kamfanoni, wannan wani zance ne.

Alhajin Kwari:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na tura masa abin da na tsinta: ya rage hadda, ya bi tsofaffin saƙonninsa kamar yadda Malama ta ce, kuɗi da lamba, wata da haruffa, amsa da cikakkiyar jimla, kuma ya karanta ƙa'idojin Mai Fito guda 11. Na ce duk saƙon da ya turo min zan mayar masa da tambaya in ban gane lokacinsa ba, kada ya ji kunya. Da asuba ya turo wannan: "Uncle, we packed 120 cartons yesterday. We will send them to the warehouse on 14 May. The black zipper is not ready, we cannot finish before 20 May." Karatu ɗaya na yi masa.

Malama Mai Alli:
Masha Allah. Saura "zippers", amma ka ƙyale shi da wannan tukuna. Ka tambaye shi katan nawa ne na baƙin zif ɗin, kuma ko suna cikin 120 ɗin ko daban suke, bai faɗa ba.

Alhajin Kwari:
Kin ga ni ma ban lura ba. Yanzu ƙarfe huɗu na yamma ne a wajensu, bai rufe shago ba, bari in tura masa.